Tsohuwar kwamfuta, sabuwar saba: Tarkon da ke jiran ofisoshin tarayya a Maiduguri

Tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Misis Didi Esther Walson-Jack, ta sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su raba gari da aikin takarda, hankali ya karkata ga manyan al'amura: manhajar sarrafa takardun gwamnati, rumbunan Galaxy Backbone, da horas da daraktoci. Shirin yana cikin tsarin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, wanda aka fara a zamanin Dakta Folasade Yemi-Esan. Sai dai akwai wata ƙaramar tambaya da ba kasafai take shiga ɗakunan taro na Abuja ba, alhali ita ce ke jiran duk wanda aka tura ofishin jiha. Kwamfutar da ke kan teburin akawu, wadda aka saya tun kafin a ɗauki rabin ma'aikatan ofishin aiki, za ta iya magana da wurin da aka ce ta riƙa ajiye fayil?

Maiduguri, mai nisan sama da kilomita 800 daga Abuja, gari ne da ya dace a yi wannan tambaya a cikinsa. Nan ne hedikwatar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, ga Sakatariyar Tarayya, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ga rassan hukumomi masu yawa da rikicin yankin ya ƙara wa aiki. A ɗauki misalin wani ƙaramin ofishi a unguwar Wulari mai kwamfutocin tebur goma sha biyu: biyu na aiki da Windows XP, huɗu da Windows 7, sauran da Windows 10. Hedikwata ta aiko da sabon akwatin ajiya, wanda masu sana'ar ke kira saba, wato kwamfutar da aikinta kawai shi ne riƙe fayilolin kowa a wuri guda. An ja waya, an kunna. Goma sun ga sabar. Biyun nan masu XP sun ce sam ba su san zancen ba.

Abin da shugaban ofis zai amince a yi a wannan rana shi ne maganar da ke gabanmu.

Me ya sa sai an ajiye saba a cikin ofis?

Mai karatu a Abuja zai iya cewa a bar wannan wahala, kowa ya ajiye aikinsa kai-tsaye a rumbun gwamnati ta intanet. Mutumin Maiduguri yana da dalilin yin murmushi. A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, an katse layukan wayar salula, kuma Borno ta shafe watanni a haka. A Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a Maris, ba a yi mako guda ba suka sake kayar da su, garin ya daɗe yana dogaro da janareta da sola. Wannan ne ya haifar da tashar lantarki mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Maris 2023. Garin da ya ga wannan ba zai jingina dukkan aikinsa da wayar da ta fito daga wani gari ba.

Saboda haka sabar cikin gida tana da hujja mai ƙarfi. Ko intanet ta ɗauke, ma'aikata za su ci gaba da buɗe fayil, su gyara, su ajiye. Kuma tana kawo ƙarshen wata ɗabi'a da duk wanda ya yi aikin gwamnati ya sani, wato yawon filash daga tebur zuwa tebur, har a wayi gari da kwafi biyar na takarda ɗaya, kowanne an rubuta masa "na ƙarshe", babu wanda ya san wanne darakta ya sa wa hannu. Filash ɗin kuma shi ne masinjan da ya fi kowa ƙwazo wajen kai cutar kwamfuta daga shagon buga takardu zuwa ofis.

Harshen da ya tsufa

Kwamfuta da saba suna fahimtar juna ta wata ƙa'idar magana da ake kira SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya fara tsara ta a farkon shekarun 1980, lokacin da ake ɗauka cewa duk wanda ke kan waya ɗaya da kai abokin aiki ne. Daga baya Microsoft ya rungume ta. Wannan zubi na farko shi ne SMB1. Zubi na biyu ya zo da Windows Vista, aka ƙara inganta shi a Windows 7 a 2009, sannan SMB3 ya zo da Windows 8 a 2012, ɗauke da ikon lulluɓe bayanai yadda mai saurare a kan hanya ba zai gane komai ba.

Windows XP, wadda ta fito a 2001, SMB1 kaɗai take ji. Su kuwa sababbin na'urori sun daina amsa wannan harshe da gangan. Tun daga zubin Windows 10 na ƙarshen 2017, Microsoft ya fara janye shi daga sababbin kwamfutoci. Samba, manhajar kyauta da Andrew Tridgell ɗan Ostareliya ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990, wadda galibin akwatunan ajiya na kasuwa ke aiki da ita, ta kashe SMB1 a zubinta na 4.11 a 2019. Ke nan kwamfutocin nan biyu na ofishinmu ba su lalace ba, wayar ma lafiyarta ƙalau. Sabar ce ta ƙi kula su.

A nan ne mai gyara, wanda ake matsa wa ya gama kafin la'asar, zai kawo shawarar da ta fi kowace sauƙi. Akwai wani maɓalli a cikin saitin sabar. Idan aka danna shi, SMB1 ya dawo, cikin minti biyu kowa ya ga fayilolinsa, a yi wa mai gyara godiya. Idan har yanzu ana samun tangarɗa, zai ƙara da buɗe shigar baƙo, wato kowa ya shiga ba tare da suna ko kalmar sirri ba. Ba mugunta ke sa shi ba. An ce masa ya sa abu ya yi aiki, ya kuwa sa. Amma gyaran gangar Auzinawa ne, domin an rage wa sabuwar na'ura tsaro don ta yi daidai da tsohuwa, kuma fayilolin mutum goma sha biyu ne suka shiga haɗari saboda biyu.

Ranar da aka yi garkuwa da fayiloli

A Satumban 2016 wani jami'in Microsoft mai kula da wannan fanni, Ned Pyle, ya fito fili ya roƙi jama'a su daina amfani da SMB1. Kaɗan ne suka saurara. A ranar 14 ga Maris, 2017 kamfanin ya fitar da facin toshe wata ɓaraka da aka gano a cikinsa. Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Aikinta ba baƙo ba ne ga kunnen ɗan Arewa: ta kama fayilolinka, ta kulle, ta nemi kuɗin fansa, dala 300 a kan kowace kwamfuta. Abin da ya sa ta zama annoba shi ne ba ta jiran kowa ya danna komai. Da ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta bi waya tana ƙwanƙwasa ƙofar sauran, duk wadda ta amsa da SMB1 marar faci ta faɗa.

A Ingila, binciken ofishin babban mai binciken kuɗi ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati abin ya shafa, aka kuma ƙiyasta soke ganin likita kusan 19,000. Har sai da Microsoft ya fitar da facin gaggawa ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 8 ga Afrilu, 2014. Wani abin lura, wanda masu ɗora wa XP dukkan laifi kan manta, shi ne mafi yawan kwamfutocin da suka kamu masu Windows 7 ne da ba a sa musu facin Maris ba. Tsufa matsala ce, amma sakaci ya fi ta ɓarna.

Makonni shida bayan haka, a ranar 27 ga Yuni, wata mai suna NotPetya ta taso daga Yukren, ta bi irin wannan hanya haɗe da satar kalmomin sirri. Cikin waɗanda ta durƙusar akwai Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa, wanda reshensa ke tafiyar da tashar kwantena a Apapa. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos na 2018 cewa sai da suka sake gina kwamfutoci 45,000 da saba 4,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Ɓangaren labarin da ya shafe mu shi ne wanda mujallar Wired ta bankaɗo. Duk sabobin da ke riƙe da rajistar sunayen ma'aikata da izinin shigarsu sun goge, in ban da guda ɗaya a ofishinsu na Gana. Ita ma ɗauke wuta ne ya cece ta, domin tana kashe lokacin da annobar ta ratsa. Ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, don haka ɗaya daga cikinsu ya ɗauko faifan ajiyar ya kawo Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Kamfani mai ofisoshi a faɗin duniya ya tsira ne da kwafi ɗaya da ba ya haɗe da sauran.

A rarrabe su kafin a yanke hukunci

Kuskuren da manyan jami'ai kan yi shi ne yi wa tsofaffin kwamfutoci kuɗin goro. Ba matsayinsu ɗaya ba.

Mai Windows 7 tana jin zubi na biyu na SMB, don haka za ta shiga sabuwar saba ba tare da an sassauta komai ba. Matsalarta ita ce Microsoft ya daina yi mata faci tun 14 ga Janairu, 2020, kuma ba ta iya lulluɓe bayanai irin na SMB3. Mai Windows 10 tana jin komai, sai dai ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Hukumar da ke son ƙarin lokaci za ta biya dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin ya ninka a ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku. Hawa Windows 11 kuwa yana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, abin da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Ke nan kwamfutar da jiya ake kira sabuwa, yau ta bi sahun tsofaffi.

Ga wadda aikinta bai wuce buga wasiƙa, lissafi da buɗe shafin intanet ba, hanya mafi araha ita ce a sauya mata manhaja zuwa Linux. Akwai nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint da ke tafiya a kan injin da ya shekara goma, suna samun faci kyauta, suna kuma jin SMB3. Idan aka ƙara mata ƙwaƙwalwa aka sauya tsohon faifanta da na zamani marar juyawa, sai ta koma kamar budurwa. A faɗi gaskiya, akwai farashin da ba na kuɗi ba. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci jadawali kan goce, kuma sakatariyar da ta shekara ashirin hannunta ya saba da wuri ɗaya ba za ta yi murna a makon farko ba. Wanda ya tsallake horaswa, ya shirya ganin an dawo da Windows ɗin sata a ɓoye.

Saura masu taurin kai: kwamfutar da dole ta zauna a kan XP saboda wata tsohuwar manhaja ko na'urar da aka haɗa mata ba ta aiki da wani abu daban. A wannan rukuni ne kuma tsofaffin injinan kwafi masu tura hoton takarda kai-tsaye zuwa saba suke, domin da yawansu SMB1 kaɗai suka sani, kuma su aka fi mantawa da su. Waɗannan killace su ake yi. A cire su daga intanet ɗungurungum, a ware musu tasu wayar, a sa wata ƙaramar kwamfuta mai ƙofar waya biyu a tsakani ta zama tafinta: ta karɓi fayil da tsohon harshe ta wannan gefe, ta miƙa wa babbar saba da sabon harshe ta wancan. Ita babbar sabar ba a taɓa saitinta. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san hannunsa, kuma shi ya kamata a rubuta a takardar kwangila maimakon a ce kawai "a haɗa dukkan kwamfutoci".

Wasu ofisoshin kan ɗauki kwamfutar tebur ɗaya su mayar da ita saba. Yana yiwuwa, amma Windows na tebur tana da iyaka: mutum goma a lokaci guda a XP, ashirin a Windows 7 zuwa sama. Kuma da zarar mai teburin ya kashe ta ya tafi sallah, ofis ya tsaya.

Ƙananan abubuwan da ke kayar da babban shiri

Cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe wuta. Bayan 'yan shekaru yakan mutu, kwamfuta ta farka tana ganin ana shekarar da aka ƙera ta. A tsarin da ake tantance ma'aikata daga saba, saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin agogon kwamfuta da na saba ya isa a hana mutum shiga. Ko an shiga, takardar da aka rubuta yau tana iya ɗaukar kwanan watan shekarun baya, abin da mai binciken kuɗi ba zai ɗauka da wasa ba. Kuɗin batirin bai kai na abincin rana ba.

Waya ma tana da ƙa'ida. Kebul na ofis ba ya wuce mita 100 daga akwatin rarrabawa zuwa kwamfuta. Tsofaffin kwamfutoci da yawa gudunsu megabit 100 ne a daƙiƙa, wato fayil mai gigabait ɗaya zai ci kusan minti ɗaya da rabi, alhali a kan gigabit daƙiƙa goma ne ko kusa da haka. Ga wasiƙa babu damuwa, amma ofishin da ya fara mayar da tsofaffin fayilolin rajista hotuna zai ji bambancin. Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura, faifan ajiya kuwa ba ya shiri da ko ɗaya. Wuta idan ta ɗauke ana tsakiyar ajiye fayil tana iya lalata shi, don haka saba da akwatin rarrabawa su ne farkon masu haƙƙin batir da sola, kafin firjin ofishin oga. Sa'ar da aka yi, ƙaramin akwatin ajiya mai faifai biyu cin wutarsa bai cika wuce wat talatin ba.

Darasin Alau

Daren Litinin 9 ga Satumba, 2024, wayewar Talata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Fadar Shehun Borno, Kasuwar Monday, gidan namun daji, gidan gyaran hali da Asibitin Koyarwa, inda ya lalata na'urori masu tsada. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce mutanen da abin ya shafa sun kai miliyan ɗaya. Asarar rayuka da gidaje ita ce babba, kuma ba a haɗa ta da komai. Amma ga mai riƙe da amanar takardun gwamnati akwai abin dubawa. Babbar kwamfutar tebur a ƙasa ake ajiye ta, ƙarƙashin tebur. Saba ma sau da yawa a ƙasan sito take. Tara fayilolin ofis a akwati ɗaya yana sauƙaƙa aiki, yana kuma sauƙaƙa rasa su gaba ɗaya a dare ɗaya.

Masu sayar da akwatin za su ce yana da faifai biyu, ɗaya madubin ɗaya. Gaskiya ne, kuma yana da amfani ranar da faifai ɗaya ya mutu. Sai dai madubi ba ya zaɓe: abin da aka goge a nan ya gogu a can, abin da masu garkuwa suka kulle a nan ya kullu a can, ruwa kuma ba ya tambayar wanne ne na biyu. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ofishin tarayya, wannan wuri daban yana iya zama rumbun Galaxy Backbone, wanda ke da cibiyoyi a Abuja da Kano, a riƙa tura kwafi da dare ko duk lokacin da intanet ta samu. A ƙara da faifan da ake cirewa a kulle a wani gini, kamar sabar nan ta Gana. Kuma a riƙa gwada dawo da fayil daga kwafin lokaci-lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa zai amsa tambaya?

Abin da ke cikin kwamfutocin ofishin tarayya a Borno ya wuce wasiƙun neman hutu. Akwai jerin sunayen ma'aikata da adireshinsu, sunayen 'yan gudun hijira da masu karɓar tallafi, lambobin waya, lambobin NIN da na asusun banki. A jihar da ta shafe sama da shekara goma sha biyar tana fama da rikici, takardar da ke nuna wane ne ma'aikacin gwamnati da inda yake kwana tana iya zama maganar rai da mutuwa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin wannan shekarar, ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan hukumar da ta tara su, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ranar da hakan ta faru, mai gyaran da ya danna maɓalli ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Takardar neman bahasi teburin shugaban ofis za ta sauka.

Shi ya sa ba a yarda da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ga kowa, balle a manna ta a jikin allo. Kowane ma'aikaci da nasa, sashen kuɗi ba ya ganin fayilolin sashen ma'aikata, wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya a rufe nasa a ranar. Hadimin da ke shirya wa mai gidansa takardar amincewa da irin wannan aiki yana da damar neman abu biyu a rubuce kafin a sa hannu: jerin kowace kwamfuta da nau'in Windows ɗinta, da tabbacin cewa SMB1 da shigar baƙo a kashe suke a kan sabar.

Kwamfutar da aka yanke wa hukuncin ritaya ma ba a gama da ita ba. Goge fayil, ko ma wanke faifai irin na gaggawa, ba ya kawar da abin da ke ciki. Manhajojin dawo da shi kyauta suke a intanet. Kafin a kai ta sito ko a yi gwanjonta, a kwashe abin da ke kanta zuwa saba, a cire faifan, a bi shi da manhajar da ke rubuta wa kowane gurbi wani abu daban, ko a huda shi, sannan a rubuta lambarsa da ranar da aka yi hakan a littafin sito.